Saƙon Da Na Tura Da Wayar Ɗiyata

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin shafin nan. Kwana tara ban rubuta komai ba, na kuma ga saƙonninku kuna tambaya ko lafiya. Jiki dai ƙalau. Abin da zan faɗa yau shi ne wanda nake ta kewayewa tun da na fara ba ku labarin gidana, saboda a cikinsa ni ce mai laifin. Wadda za ta zage ni ta daure ta kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Sakina, shekarata talatin da huɗu, a Konni nake zaune, ɗinki nake yi a gida. Maigidana Kabiru direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Malbaza, wani lokaci sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. 'Ya'yana uku, amma maganar ta babbar ce.

Sunanta Muhsina. A rubuce kawai nake iya faɗinsa. Ita ce ɗiyata ta fari, kuma mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye ta, mahaifiyata, Inna Takama, ta goya ta ta tafi da ita Badaguishiri. Can ta girma, cikin garkar albasa da tumatir. Inna take kira Inna, ni kuwa Tanti. Sai da ta shiga kwaleji ta dawo hannuna, tana da shekara goma sha uku. Shekara uku muna gida ɗaya, maganarmu ba ta wuce "ke, ɗauko tsintsiya" da "to, Tanti" ba. Ina sonta har cikin ƙashina. Ni nake guge mata rigar lakwal, wato makaranta, ni nake ware mata tsokar da ta fi kyau in tura a ƙarƙashin tuwonta. Amma in muka haɗa ido, ni nake fara kawar da kai.

Bana take rubuta jarrabawar BEPC, ta kammala kwaleji. Ni ita ce ta kayar da ni. Ina ajin nan Kabiru ya fara zuwa zance ƙofar gidanmu, kullum bayan la'asar, Inna da kanta take shimfiɗa mana tabarma. Na bar kaye, littafin rubutuna, na kama hira, sakamako ya fito babu sunana, shekara ta zagayo na yi aure. Ba wanda ya tilasta mini, ni na so, har yau kuma ina son mijina. Amma wadda muke zama benci ɗaya da ita, yanzu ita ce ungozoma a likita, wato asibiti, ita ta karɓi haihuwar autana, ina kwance tana ba ni umarni. Tun ranar na yi wa kaina alkawari, ɗiyata sai ta wuce inda na tsaya.

Wata Talata da hantsi, Muhsina tana lakwal, wayarta tana caji a kan teburin ɗinkina, don ba a barinsu shiga aji da waya. Sai ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake. Na duba, an rubuta "Mubaraka 2". Na san ƙawarta Mubaraka, amma ban san akwai ta biyu ba. Lambar buɗewa kuwa ba ta wahalar da ni ba, shekarar haihuwarta ce.

Namiji ne. Sunansa Muttaƙa, ɗan Badaguishiri, yana ajin ƙarshe a lise ta Illela, makarantar gaba da kwaleji, bana zai rubuta jarrabawar Bak.

Na zauna na karanta tun daga farko, hirar wata bakwai. Wallahi 'yan uwa, neman abin kunya nake yi, ban samu ba. "Kin ci abinci?" "Ya kompozisiyon lissafi, jarrabawar ta yi sauƙi?" Hoton takarda ya warware mata lissafi da jan biro. Hoton garkar babansa, albasa ta yi kore shar, ya rubuta, "Ga gonarki, Madam Dokta." Ita kuma ta mayar masa, "Ni likita zan zama, ba mai ban ruwa ba," da fuskokin dariya guda biyar. Ni ban taɓa jin yarinyar nan ta yi doguwar magana haka ba. Ashe tana da barkwanci. Ashe tana tsoron mushen Faransanci, wato malaminsu. Ashe ba ta son miyar kuɓewa, shekara uku tana ci ba ta faɗa ba.

Sai saƙon ranar: "In kin samu BEPC, ni ma na samu Bak, zan turo Baffana ya gaida Babanki. Gaisuwa kawai, don a san da ni."

Na san gaisuwar nan. Da ita aka fara tawa.

Nan take na kira Inna.

"Inna, kin san wani Muttaƙa?"

Sai ta kwashe da dariya. "Ɗan Mamane mai garka? Mijina ke nan! Na ce mishi in ƙawata ba ta so, ni ina so."

"Au, kin ma sani?"

"Ina zan ƙi sani? Da bakansi, in an yi hutun lakwal, kullum shina zaurena. Ni ka dama mishi hura. Yaro mai kunya, ko ido ba ya ɗagawa."

"Inna, shekararta goma sha shida! Jarrabawa gare ta!"

"To sai mi? Mu da munka tashi, dandali muke kwasar gaɗa, samari na tsaye suna kallo, kowa ya san wadda yake so, uwaye sun sani, gari ya sani. Wa ya lalace? Ku ne 'yan yanzu, kun hana a zo ƙohwar gida, kun tura su cikin waya, sannan ku zo kuna ihu."

"Ni tabarmar da kika shimfiɗa mini ce ta cinye mini lakwal."

Ban taɓa gaya mata haka ba.

"Sakina," ta ce, "in abin ya dame ki, zamna da ita ku yi magana."

"Ni da ita? Da wane baki?"

"Kunyar da na koya miki ta suna ce. Ban ce ki zama bebiya ba."

Na gwada, Allah shaida ne. Da yamma na kira ta muka zauna tsinkar zogale, faranti ɗaya a tsakaninmu. Na shirya maganar tun rana, har na maimaita ta a gaban madubi. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ki cire itacen da kyau." Ta ce, "To, Tanti." Muka gama zogalen tas, ta kwashe ta tafi. Babanta kuma ban isa in gaya masa ba, na san shi, wayar zai fasa, ya ce lakwal ɗin ma a bari.

Washegari ta tafi lakwal, wayar tana wurin da take ajiye ta. Na yi ɗinki ya ƙi, sau biyu ina farke hannun riga ɗaya. Sai na ɗauki wayar. Na ce a raina, in ba zan iya magana da ita ba, shi zan iya kora. Na san kuma in na rubuta da laushi zai yi ta lallashi, har su gano. Dole ya zama abin da namiji ba zai sake waiwayowa ba.

Ga abin da na rubuta, ban canza ko harafi ba:

"Muttaƙa, kar ka sake kirana, kar ka sake rubuto mini. Na samu wanda ya dace da ni a birni. Dama haƙuri nake yi da kai. Ko kusa da ni ka zauna warin albasa kake yi."

Na tura. Alamar nan ta zama shuɗiya nan da nan, ashe suna hutun ƙarfe goma. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Sai ga muryarsa, daƙiƙa goma sha ɗaya. Na kara a kunne. Ina jin hayaniyar 'yan lakwal a bayansa.

"To. Na gode. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Littahin lissahin ki riƙe shi, akwai sauran babi biyu da ba mu yi ba."

Shi ke nan. Ko zagi ɗaya. Hotonsa ya ɓace daga wayar, na gane ya toshe lambarta. Na goge saƙona, na goge nasa, na mayar da wayar kan caji, na juya ta yadda na same ta. Har na yi hamdala, ku ji fa. Na ce na ceci ɗiyata.

Sati na farko, tana shigowa ko hijabi ba ta cirewa, wayar take fara dubawa. Sati na biyu ta daina dubawa. Tuwo sai ta taɓa gefe ta rufe. Siket ɗin lakwal da na ɗinka mata daidai ƙugu, sai ga shi tana kama shi da fil. Ta buɗe kaye ta zauna a gindin dalbejiya, awa guda shafi bai juya ba. Takardar lissafi ta dawo da shida bisa ashirin, yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da sha huɗu ba. Ina gani, ina cewa zai wuce, ciwon yarinta ne.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, ina kan keke ina haɗa wani leshi ruwan toka, sai na ji mutum a gefena. Ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana wasa da ƙyallayen da suka zuba. Sai kawai ta ɗora kanta a cinyata.

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Rabon da kan yarinyar nan ya taɓa jikina tun tana shan nono.

"Tanti," ta ce, muryarta can ƙasa, "akwai wani da muke magana. Ki yi haƙuri ban gaya miki ba. Ba mu taɓa yin abin da bai kamata ba, wallahi. Rana ɗaya ya toshe ni. Ban yi mishi komai ba. Na duba, na duba, ban ga abin da na yi ba." Kuka ya ƙwace mata. "Tanti, mi na yi mishi? Ko muni gare ni?"

A nan ya kamata in faɗa. Na sani. Bakina har ya buɗe. Amma hannuna ya riga ya sauka a kanta, ina jin ɗumin kitsonta, tana riƙe da zanena kamar za a ƙwace mata ni. Shekara goma sha huɗu nake jiran wannan. Sai na ji kaina ina cewa:

"Ba ki yi komai ba. Maza haka suke. Share hawayenki, ki kama karatunki."

Ta ƙara ƙanƙame ni. Ta ce, "Ke kaɗai gare ni."

Kwana goma sha biyu da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin zama uwa kamar su ba, ban kuma taɓa ƙin kaina kamar su ba. Ta dawo daga lakwal ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin ajinsu. Ta ce in yi mata kitso, na yi mata shuku, muna dariyar yadda take noƙe wuya. Na daina miyar kuɓewa, ta ce, "Tanti, ya aka yi kika sani?" Na ce uwa ai tana sani. Ta soma cin abinci. Na ce wa zuciyata, ga shi nan, ƙarshensa alheri ne, Allah ya rufa asiri a bar shi a haka.

Ranar Laraba da hantsi sai ga sallamar Inna, babu waya babu aike. Ɗan kabu-kabu ya sauke mata ƙullin kaya ya juya. Na kawo ruwa, ta ture kofin gefe. Lulluɓinta ma ba ta sauke ba.

"Ina ƙawata?"

"Tana lakwal."

"Madalla. Zamna."

Na zauna.

"Jiya uwar Muttaƙa taz zo gidana. Matar da munka yi shekara talatin muna gaisawa, ta tsaya daga zaure ta ƙi shigowa. Ɗanta ya aje lakwal. Saura wata biyu Bak, ya bi motar albasa ya tahi Abijan. Da ƙyar ƙanwarshi ta samu abin da ya kore shi, ya turo mata hoton saƙon, ta karanta muna." Ta kafe ni da ido. "Warin albasa. Yarinyar da na goya cikin garka, wadda ta koyi tahiya tsakanin kwamin albasa, ita za ta ce ma mutum warin albasa? Na ce ma matar, wannan ba bakin jikata ba ne. Amma na san bakin wa ne. Wa ke toshe hanci in mun dawo daga garka tun tana ƙarama?"

Ban iya ɗaga kai ba.

"Inna, karatunta nake tsoro."

"Shi ɗan mutane ba karatu yake ba? Ba uwa ta haihe shi ba?"

"Don Allah Inna, kar ki gaya mata. Yanzu muka fara shiri. Yanzu ta fara zama kusa da ni. Ki bari ta gama jarrabawa."

"Ƙanwar yaron ta rantse sai ta turo ma ƙawata hoton da zagi a kai. Ni na roƙe ta ta ba ni yini guda. Ko ta ji daga bakinki, ko daga nawa, ko daga bakin wadda za ta zage ta. Zaɓi. Motar la'asar zan bi."

Ƙarfe ɗaya saura ta shigo, farin hijabinta ya yi ƙura a gefe, jakarta a kafaɗa. Tana ganin Inna ta yi tsalle ta faɗa jikinta.

"Tsohuwa! Wa ya gayyato ki?"

"Ja can, kin ƙare kamar kara. Ba a ba ki abinci a gidan ga?"

"Ana ba ni! Tanti har dambu ta yi mini jiya." Ta juyo tana yi mini murmushi. Sai ta ga fuskata. Murmushin ya tafi a hankali.

Na ce, "Zauna, ina da magana."

Ban san yadda na faɗa ba. Tabarma nake kallo. Na faɗi ranar, na faɗi abin da na rubuta kalma bayan kalma, na faɗi amsarsa, har maganar littafin lissafi. Na faɗi cewa ya bar lakwal ya tafi. Na so in kawo dalilina, in ce saboda ke na yi, amma da na ɗago na ga idonta, sai dalilin ya maƙale.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta.

"Tanti."

"Na'am."

"Ran da na kwanta a cinyarki, kin sani?"

"Na sani."

"Da na ce ko muni gare ni?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar lissafi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Muna jin motsin akwati. Inna ta fara jan carbi. Da ta fito, ta canza kaya, ta sa tsohuwar atamfar da ta zo da ita daga Badaguishiri, wadda ta ɗage mata har ƙwauri. Duk abin da na ɗinka mata ta bar shi a ninke bisa gado. Jakar lakwal tana rataye a ƙusa. Wayar ta ajiye mini a kan keke.

"Inna, tashi mu tahi."

Na miƙe. "Jarrabawarki saura sati biyar. Sunanki a Konni yake, can ba za su karɓe ki ba. Ki zauna, ko ba za ki sake yi mini magana ba, na yarda. Ki rubuta kawai."

"Shi ya rubuta tashi?"

Inna ta ce, "Ke, uwarki ce hwa."

"Na sani, Inna." Ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. "Sai wata rana, Tanti. In Baba ya dawo a gaishe shi."

Na bi su har bakin titi babu ko mayafi. Ta hau bayan kabu-kabu, ba ta waiwayo ba. Inna, kafin ta hau nata, ta kwance bakin zanenta ta ciro wata 'yar takarda ta danƙa mini.

"Lambarshi ta can ce, ƙanwar ta rubuta. Yarinyar ga ba za ta taka lakwal ba in shi bai dawo ya taka tashi ba, na san halinta. Ni ba ni na ɓata ba, ba ni zan gyara ba."

Yau kwana tara ke nan. Kullum da safe ina kiran Inna, ta ce yarinyar ta fita garka, ko ta ce tana nan amma ba za ta karɓa ba. An fara raba takardun shiga jarrabawa, na je lakwal na karɓo tata, na ce wa mushe ba ta da lafiya. Kabiru yana hanyar Agadas, jibi zai iso, bai san komai ba tukuna.

Lambar nan sau huɗu ina kiranta da wayata, ba a ɗauka. Na ce wataƙila baƙuwar lamba ce ba ya ɗauka. Ɗazu bayan azahar na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ɗauki wayar Muhsina, wadda na rantse ba zan sake taɓawa ba. Na danna lambobin.

Ƙara ɗaya ta yi aka ɗauka. Ina jin ƙugin motoci, da mutane suna ihu da wani yare, da numfashin wanda ya sauke kaya mai nauyi.

"Muhsina?" ya ce. "Muhsina, ke ce?"

Sabuwar waya, sabuwar ƙasa, amma lambarta tana kansa.

Na rufe ido.

"Ba ita ba ce, ɗana," na ce. "Wadda ta rubuto maka saƙon nan ce. Don Allah kar ka kashe."